Harry Clasper: Lebura Da Bai Iya Rubuta Sunansa Ba, Amma Ya Sauya Fasalin Kwale-kwalen Tsere

Uwargida, ko kina da irin yaron nan da ba a ajiye masa tocila ko rediyo ya bar su yadda ya same su? Ni ina da shi. Ranar da na dawo daga aikin dare na tarar ya kwance min fanka yana neman abin da ke juya ta, Allah ne kaɗai ya sa hannuna bai sauka a kansa ba. Ga kuma sakamakon jarrabawa da ba ya faranta rai. A satin ne, ina zaune a ɗakin marasa lafiya kowa ya yi barci, na ci karo da tarihin wani mutumin Ingila a wayata. Tun daga lokacin nake ta juya shi a raina, shi ya sa na ce bari in kawo miki.

Sunansa Harry Clasper. An haife shi a 1812 a Dunston, gefen Kogin Tyne, kusa da birnin Newcastle. E, Newcastle ɗin nan dai da maigida da yara ke kallon ƙwallonta. A zamanin, yanki ne na haƙar kwal da narka ƙarfe, hayaƙi ko'ina. Yana ɗan shekara 15 ya shiga ramin kwal a Jarrow. Bai daɗe ba ya bar ramin ya koma koyon aikin kafinta a wurin da ake ƙera jiragen ruwa, daga baya ya zama mai tuƙa jirgin dakon kaya a kogin. Lokacin da ya auri 'yar'uwarsa Susannah Hawks a 1836, alama kawai ya zana a takardar aure, domin bai iya rubutu ba.

Sai kin fahimci yadda mutanen wancan lokaci suka ɗauki tseren kwale-kwale kafin labarin ya yi miki armashi. Ƙwallon ƙafa ba ta yi tashe ba tukuna. Idan za a yi tsere, dubban jama'a ne ke cika gaɓar kogi da kan gada. Wadda ta taɓa ganin bikin Rigata na Yawuri za ta iya kwatanta hayaniyar, sai dai su can matuƙan baya suke ba wa inda za su, suna jan dogon filafili da hannu, wani ƙaramin mutum a ƙarshen jirgi yana juya akala. Kuɗi ake zubawa, caca ake yi a kai sosai. Wannan ɓangaren ban yaba ba, don na san gidaje nawa irin wannan ke rusawa, amma haka abin yake.

Harry ya haɗa ƙungiya da ƙannensa, suka gagari kowa a Tyne. Sai suka ƙalubalanci gwanayen Landan, matuƙan Kogin Thames, waɗanda wani Robert Coombes ke jagoranta. A watan Yulin 1842 mutanen Landan suka zo har gida suka lallasa su a gaban 'yan'uwa da maƙwabta.

A nan ne mutumin ya burge ni. Bai ce an yi musu asiri ba, bai ɗora wa ƙannensa laifi ba. Jirgin abokan karawar ya tsaya ya ƙare wa kallo. Ya ga nasu siriri ne mara nauyi, nasa kuwa faffaɗa ne, ga nauyi. Ashe ba ƙarfi aka fi su ba, katako suke ta ja a banza.

To me zai hana kowa ya ƙera siririn jirgi? Ga inda gizo ke saƙar. Siririn jirgi ya fi tsaga ruwa, amma filafili na buƙatar madogara nesa da jikin mai tuƙi kafin ƙarfinsa ya yi aiki. Ki tuna tuƙin tuwo: idan muciya gajera ce, ko kika riƙe ta can ƙasa kusa da tukunya, sai kafaɗa ta gaya miki. A da, madogarar a kan bakin jirgin take, don haka in an matse jirgin, an kashe ƙarfin filafili ke nan. Mafitar ita ce a fitar da madogarar waje, a kafa ta a kan wasu ƙarafa da suka miƙo daga gefen jirgi kamar hannuwa. Jirgi ya zama siriri, filafili kuma bai rasa komai ba.

Don gaskiya, ba shi ya fara tunanin ba. Wasu maƙera biyu a Tyne, Anthony Brown da Frank Emmet, sun gwada tun wajen 1828 zuwa 1830, ɗaya da katako, ɗaya da ƙarfe. Abin da Harry ya yi shi ne haɗa dabarar da jiki mai santsi mara nauyi, ya yi ta gyara har ta zama abin da ake cin gasa da shi. Ba takardar shaidar injiniya, amma aikin injiniya ne tsantsa: a duba, a auna, a gwada, a sake.

Ya sa wa sabon jirgin suna The Five Brothers, wato 'yan'uwa biyar. Ya kai shi Landan a 1844, suka ci kyautar fam 50, babban kambun ya kuɓuce musu. Kafin shekara ta zagayo, ƙaninsa Edward ya rasu. Kawunsu Ned Hawks ya maye gurbinsa. A 1845 suka koma da wani jirgin mai suna Lord Ravensworth: Harry, William, Robert da kawu suna tuƙi, ƙaramin ƙaninsu Richard yana riƙe da akala. Suka cinye gasar mutum huɗu ta Thames, aka kira su zakarun duniya. Na yi ta tunanin gidan nan: a shekara guda an binne ɗa ɗaya, huɗu sun dawo gari yana yi musu guɗa. Yau duk jirgin tsere irin wannan da kika gani a gasar Olamfik yana ɗauke da waɗannan hannuwa a gefensa.

Wani abin dariya: matuƙan Tyne sun gano cewa in mutum yana zamewa gaba da baya a kan mazauni, ƙafafu ma na taimakawa. Kujera mai tafiya ba ta zo ba sai farkon shekarun 1870, don haka wasunsu maiƙo suke shafa wa wandon fata su riƙa sulɓewa a kan katako. Ki tausaya wa mai wankin gidan.

Yanzu bari ma'aikaciyar jinya ta yi magana. Harry ya horar da wani matashi, Robert Chambers, ma'aikacin masana'antar ƙarfe, wanda ya zama zakaran tseren mutum ɗaya a 1859. Ƙato, mai ƙirjin da ake misali da shi. Tarin fuka ya kashe shi a 1868. A lokacin ba a ma gano ƙwayar cutar ba, sai a 1882 likitan Jamus Robert Koch ya gano ta, maganinta kuma sai a shekarun 1940. Ƙarfin jiki bai taɓa zama kariya daga wannan cuta ba. Har gobe ina ganin majiya ƙarfi ana kawo mana su sun rame, an shafe watanni ana shan jiƙe-jiƙe. Tarin da ya kai mako biyu, musamman da zufar dare da ramewa, a je a gwada majina. Magani wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati.

Akwai kuma abin takaici. Masu hannu da shuni da ke shirya gasar Henley sun amfana da jiragen irin su Harry, amma a 1879 suka kafa dokar da ta hana lebura, makaniki da mai sana'ar hannu shiga gasarsu. Dokar ba ta faɗi ba sai ƙarshen shekarun 1930. Jirginka ya shiga, kai ka tsaya a waje.

Harry bai ga wannan doka ba. Ya rasu a watan Yulin 1870 yana da shekara 58. An ɗora akwatin gawarsa a jirgin ruwa aka bi da shi ta kan kogin da ya yi tsere a kai, zuwa Whickham inda aka binne shi. An ƙiyasta mutum sama da 100,000 ne suka fito. Ɗansa John ya gaji sana'ar, ya koma kudu yana ƙera wa 'yan jami'a da attajirai jiragen tsere.

Fankata dai har yau ba ta dawo daidai ba, tana juyi tana ƙara. Ranar Asabar na kai yaron wurin wani mai gyaran lantarki a unguwarmu, da sharaɗin sai ya gama aikin makaranta zai riƙa zuwa.