TARGAƊE A IDON SAWU DA YADDA ZA A YI JINYARSA A GIDA

Kowace shekara idan lokacin gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai ya zo, da wuya a tashi ba a ga wani yana ɗingishi ba. Haka kuma da damina, sa'ad da santsi ya yi yawa a bakin rijiya da wurin wanka. Ba yara kaɗai abin yake samu ba. Uwa mai ɗauke da tulu takan taka rami, dattijo yakan zame a matakalar majami'a. Yawancin irin wannan faɗuwa a idon sawu take ƙarewa. Mutane da yawa sukan rena wannan ciwo, su ce ai ɗan targaɗe ne kawai. Amma idan aka yi masa jinyar da ba daidai ba, yana iya barin mutum da ƙafa mai yawan gurɗewa shekara da shekaru. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi da kowane gida su san abin yi da abin bari.

Mene ne targaɗe?

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a idon sawu: biyu sun sauko daga ƙwauri, ɗaya kuma yana zaune a ƙarƙashinsu, a bisan ƙashin diddige. Waɗansu jijiyoyi masu ƙarfi ne suka ɗaure su kamar yadda igiya take ɗaure jinka. Akwai uku a gefen waje na ƙafa, akwai kuma wata mai faɗi da ƙarfi a gefen ciki. Sau da yawa idan mutum ya yi tuntuɓe ko ya diro ba daidai ba, tafin ƙafa yakan juya ciki, nauyin jiki duka ya faɗa a kan gefen waje. Nan sai jijiyoyin su miƙe fiye da kima, ko su yage. Wannan shi ne targaɗe.

Likitoci sun kasa shi kashi uku. Na fari, jijiyar ta miƙe ne kawai, akwai ɗan kumburi, mutum kuwa yana iya takawa. Na biyu, wani sashi na jijiyar ya yage, kumburin ya fi yawa, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, takawa sai da ƙyar. Na uku, jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, gaɓar ta yi sako-sako. Na fari da mai sauƙi daga cikin na biyu su ne ake iya jinyarsu a gida. Na uku aikin asibiti ne.

Targaɗe ne ko karaya?

Wannan ce tambayar da za a fara yi, gama yawan kumburi ko yawan kuka ba ya nuna ko ƙashi ya karye. A shekarar 1992 waɗansu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fito da wata hanya mai sauƙi ta gane wanda yake bukatar a ɗauki hoton ƙashinsa, ana kuwa amfani da ita a asibitoci da yawa na duniya. Abin da suke dubawa zai taimake mu a gida. A kai mutum asibiti a ranar idan:

1. Ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar, ko da ɗingishi ne.
2. Yana jin zafi sosai idan aka danna ƙashin idon sawu kansa, na ciki ko na waje, a ƙarshensa ko ta bayansa, har zuwa santimita 6 sama.
3. Yana jin zafi idan aka danna ƙashin da ya ɗan fito a tsakiyar gefen ƙafa na waje, ko wanda ya fito a gefen ciki, gaba kaɗan da idon sawu.

Ban da waɗannan, kada a tsaya jiran gobe idan ƙafar ta karkace, ko akwai rauni mai zurfi a wurin, ko yatsun sun yi sanyi, ko mutum ba ya jin taɓawa a cikinsu. Ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon suga su ma gara ma'aikacin lafiya ya duba su. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, wani lokaci shi ne yake tsagewa kafin jijiya ta yage. Mai ciwon suga kuwa yana iya samun babban rauni a ƙafa ba tare da ya ji zafinsa sosai ba.

Kwana 2 zuwa 3 na fari

Idan babu ko ɗaya daga cikin alamun nan, ga abubuwa huɗu da za a yi.

Hutu. A daina wasan nan take. Ɗan ƙwallon da ya ce zai daure ya ƙarasa minti 10 da suka rage yana iya mai da ƙaramin targaɗe ya zama babba. A cire takalmi da safa tun kumburi bai kama su ba. Idan dole ne a yi tafiya, a dogara da sanda ko kafaɗar aboki.

Sanyi. A naɗe ƙanƙara a cikin tawul ko tsumma mai tsabta, a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowane awa 2 ko 3. Ruwan leda da ya daskare ma ya isa. Kada a sa ƙanƙara a kan fata kai tsaye, gama tana ƙuna kamar wuta. Inda babu firji, a jiƙa tsumma da ruwan randa a riƙa sakewa.

Ɗauri. A naɗe ƙafar da bandeji mai talewa, a fara daga gindin yatsu a haura zuwa bisan idon sawu. A bar yatsun a waje domin a riƙa dubansu. Idan suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko mutum ya ji kamar ana tsira masa allura, ɗaurin ya matse ke nan, a kwance a sake. A cire bandejin lokacin barci.

Ɗaga ƙafa. Mutum ya kwanta, a sa matashin kai biyu ko bargo a naɗe a ƙarƙashin ƙafar, yadda za ta fi ƙirjinsa tudu. Ruwa gangare yake bi, haka ma ruwan kumburi. Zama a kan benci da ƙafa a reto yini guda yana ƙara kumburi.

Wani likita ɗan Amurka mai suna Gabe Mirkin ne ya haɗa waɗannan matakai huɗu a cikin wani littafinsa a 1978. A 2014 shi da kansa ya ce yawan sa ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa, domin kumburi wani sashi ne na aikin gyara da jiki yake yi. Abin da za mu koya shi ne, ƙanƙara ta rage zafi ce a kwanakin farko, hutun kuma na ɗan lokaci ne.

Game da maganin zafi, babban mutum yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2 bayan kowane awa 4 zuwa 6, amma kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Ibuprofen ma yana taimako, sai dai a sha shi bayan cin abinci, kuma mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su guje shi sai da izinin likita. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Ɗalibai su tafi wurin nas, su daina karɓar ƙwayoyi daga akwatin abokai.

Abubuwan da za a guje wa

A gidajenmu abin da aka saba shi ne a dafa ruwa a gasa wurin, a shafa man zafi, a murza, wani ƙaƙƙarfa kuma ya ja ƙafar har ta yi ƙara. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma a kwana 3 na fari ɓarna yake ƙarawa. Ƙananan hanyoyin jini sun riga sun fashe a ciki, zafi da murza kuwa suna sa jini ya ƙara zuba. Jan ƙafa yana ƙara yaga jijiyar da ta riga ta yage. Giya ma tana ƙara kumburi. Tsaga fata da reza domin a fitar da mataccen jini yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, har da na ciwon sandarewar jiki. Jinin da ya kwanta, jiki zai shanye shi da kansa.

Sai maganar masu ɗori. An daɗe ana zuwa wurinsu, jama'a kuma suna girmama su. Amma babu mai ganin cikin ƙashi da ido. Babban hatsarin shi ne ɗaurin kara mai tsanani a kan ƙafar da take cikin kumbura. Jini yakan kasa wucewa, naman ya mutu ya ruɓe. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun sha yin gargaɗi a kan wannan, gama akwai yara da manya da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta dalilin haka. Idan ana zaton karaya, a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum inda ƙwararru suke, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Komawa ga tafiya da wasa

Da zarar zafin ya fara sauƙi, sai a fara motsa ƙafar, domin gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare. Ga motsa jiki huɗu, a bi su ɗaya bayan ɗaya:

1. A zauna a miƙe ƙafa, a rubuta haruffan abacada a iska da babban yatsa.
2. A sa tawul a tafin ƙafa, a jawo yatsu zuwa wajen jiki a hankali, a riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30.
3. A dafa bango, a ɗaga diddige a tsaya a kan yatsu, a sauko sannu, kamar sau 10.
4. A tsaya a kan ƙafar mai ciwo ita kaɗai, kamar mai shirin wasan langa, har a iya kai daƙiƙa 30.

Na huɗun nan shi ne aka fi mantawa, shi ne kuwa yake koya wa ƙafa ta sāke sanin yadda take taka ƙasa. Wanda ya taɓa yin targaɗe ya fi kowa saukin sake yinsa, musamman idan bai yi wannan horo ba.

Ƙaramin targaɗe yakan yi sauƙi cikin mako 2, amma gudu da ƙwallo suna iya jira har mako 6 zuwa 8. Mai tsanani yakan ɗauki watanni. Kada kyaftin ko abokai su matsa wa ɗan wasa ya koma fili sai ya iya gudu da tsalle da juyi ba tare da zafi ba. Sauri ya haifi nawa. Idan kuma an yi mako guda babu sauƙi, ko zafin yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, a koma asibiti.

Aikinmu duka

Rigakafi ya fi magani. A cike ramukan filin wasa kafin gasa, a ɗumama jiki kafin gudu, a daina buga ƙwallo da silifas, a riƙe tocila idan za a fita da dare. Idan kuwa wani ya ji ciwo, kada mu taru muna yi masa dariya. Wani ya ɗebo masa ruwa, wani ya karɓo masa abinci, wani ya kwafa masa darasi. Wannan ma hidima ce a gaban Allah, kuma gobe mai yiwuwa mu ne za mu bukaci kafaɗar dogarawa.

Ubangiji ya kiyaye sawayenmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.