Birtaniya: Abin Da Masu Ibada Ke Nema A Majami'a

A titin Old Kent Road da ke kudancin birnin London, tsofaffin ɗakunan ajiye kaya da benayen shaguna sun zama wuraren sujada, inda a kowace Lahadi ake jin tashin ganguna da waƙoƙin yabo tun da hantsi. Wani bincike da Jami'ar Roehampton ta fitar a shekarar 2013 ya ƙiyasta cewa a gundumar Southwark kaɗai akwai majami'u kimanin 240 waɗanda akasarin mabiyansu baƙar fata ne, kuma fiye da mutum 20,000 ke halartarsu a kowane mako.

Wannan kuwa yana faruwa ne a ƙasar da addinin Kirista ke ja da baya. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 adadin ya kai kashi 59. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne ke cika waɗannan ɗakuna, yayin da kujerun tsofaffin majami'u da dama ke zama babu kowa?

Tushen lamarin yana cikin tarihi. Baƙin da suka fara isowa daga tsibiran Karebiya bayan zuwan jirgin ruwan Empire Windrush a 1948, da yawansu 'yan ɗarikar Anglika ne tun daga gida. To amma da suka shiga majami'un unguwanninsu, wasu sun tarar da fuska a ɗaure, wasu ma an nuna musu kada su sake dawowa. Sai suka koma yin addu'a a ɗakunansu na haya, kuma daga irin waɗannan tarurruka ne majami'u kamar New Testament Church of God suka kafu a ƙasar tun daga 1953. Sai a watan Fabrairun 2020 majalisar Cocin Ingila ta nemi gafara a kan wannan wariya, a zamanin shugabancin Akbishop Justin Welby.

Ke nan abu na farko da mai ibada ke nema shi ne shimfiɗar fuska, wadda aka ce ta fi ta tabarma. Yana son inda aka san sunansa, inda idan bai zo ba za a bi sawu a ji ko lafiya. Ga baƙon da ya baro dangi a Legas ko Kumasi, ikilisiya ce ke tsaya masa a ranar suna da biki da makoki, a nan kuma yake jin labarin aiki ko ɗakin haya.

Na biyu shi ne sujadar da kowa ke da hannu a cikinta: waƙa da tafi, ba da shaida, da addu'ar da ke ambatar damuwar mutum kai tsaye, ko rashin lafiya ce ko takardar izinin zama. Cocin Redeemed, wadda aka kafa a Legas a 1952, ta buɗe ɗaruruwan rassa a Birtaniya bisa wannan tsari, har ma a 2015 firayim minista na lokacin, David Cameron, ya halarci taronta na kwanan addu'a a London.

Sai dai kuma masu ba da baiko da zakka suna son sanin inda kuɗinsu ke tafiya. A 2022 wata babbar kotu ta ba da umarnin rufe kamfanin da ke gudanar da cocin SPAC Nation, bayan ya kasa ba da gamsasshen bayani a kan kuɗaɗen da ya kashe.

Babban ƙalubale kuwa shi ne 'ya'yan da aka haifa a ƙasar. Su ba baƙi ba ne, don haka ba sa neman mafakar da iyayensu suka nema. Da damansu sun fi son sujada taƙaitacciya, da damar yin tambaya, da ikilisiyar da za su iya gayyatar abokansu na kowane launi. Makomar majami'un Old Kent Road ta dogara ga yadda shugabanninsu za su saurari wannan sabon zubi.