Ƙananan Mujallu da Labarin Kudancin Kaduna

Shirinmu na musamman na yau zai sauka a Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya. Tun cikin shekarun 1920 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu a nan, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Jirgin ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa, ya kuma kawo abin karatu.

Manyan jaridu dai an san su: Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, da New Nigerian ta Kaduna a 1966. Amma waɗannan na hukuma ne, kuma labarin manomin Kwoi ko malamin makarantar Zonkwa ba kasafai yake samun shafin gaba ba. Wannan giɓi ƙananan mujallu ne suka yi ƙoƙarin cike shi.

A 1951 mishan ta SIM ta fara buga mujallar African Challenge a Legas. Daga baya ta koma hannun ekklesiyar ECWA, aka sauya mata suna zuwa Today's Challenge, ana buga ta a Jos. A yankin da ECWA ta yi jijiya, irin su Kagoro mai tsohuwar makarantar Baibul, mujalla ce ta gida. Kwafi ɗaya yakan bi hannu da yawa kafin ya yage.

Ranar da aka gane nauyin irin waɗannan mujallu ita ce ranar baƙin ciki. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Today's Challenge ta ba da labarin yadda mutanen ekklesiya suka gan shi, wallafe-wallafen Musulmi suka ba da nasu. Sai ga wata murya ta uku: mujallar The Analyst, wadda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan ra'ayinsa suke fitarwa, tare da ƙanwarta ta Hausa, Fitila. Su tambayarsu daban ce: wa ke cin riba idan talaka ya ƙone gidan talaka da sunan addini?

Ba zan ce muku waɗannan mujallu ba su da ɓangare ba. Suna da shi, ba su kuma ɓoye ba, wani lokacin ma alƙalaminsu ya yi zafi fiye da kima. Amma ni a ganina, wanda ya jera su a gabansa ya karanta duka zai fi kusa da gaskiyar abin da ya faru fiye da wanda ya tsaya ga sanarwar gwamnati kaɗai.

Ciwonsu guda ne: kuɗi. Ba talla, takarda da tsada, ranar da aljihun mai mujalla ya bushe ranar take mutuwa.

Yau matasa sun koma waya. A 2022 harshen Tyap ya samu Wikipedia tasa, abin a yaba. Sai dai da cuta ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023, na yi ta tunanin ina ma akwai 'yar mujallar manoma, ko da shafi takwas ce, da Hausa da Hyam da Jju, wadda za a karanta wa tsoho a ƙofar gida.

Saboda haka, mai sauraro, idan akwai tsofaffin mujallu a akwatin mahaifinka ko a ɗakin ajiyar majami'a ko na masallaci, kada ka bari gara ta ci su, kada kuma su tafi wurin mai ƙosai. Kakkaɓe su, ka kai ɗakin karatu mafi kusa da kai.