Daga rijiyoyin Agadem zuwa kwalbar bakin hanya

Jama'a masu saurare a Issawane da karkarar Mayahi da Tasawa, shirin namu na yau a kan ɗanyen mai yake.

Akasarinmu ba mu taɓa ganinsa ba, alhali shi ke tafiyar da kabu-kabu da injin niƙa da motar da ke kai gero kasuwa. Ruwa ne mai kauri da wari, wani baƙi ƙirin, wani ruwan ƙasa. Asalinsa ƙananan halittu ne da suka mutu cikin ruwa, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su tsawon miliyoyin shekaru.

Namu na Nijar daga Agadem yake fitowa, cikin jihar Diffa, inda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke haƙarsa. Bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 ke kai shi matatar SORAZ, arewa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce. Tun 2024 kuma wani bututun na kusan kilomita 2,000 yana kai shi gaɓar teku a Benin.

A matata ana dafa shi har zafin ya kai wajen digiri 350, tururin ya hau wata doguwar hasumiya. Kamar dai shiƙar hatsi, marar nauyi ya yi sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa: gas na girki can ƙololuwa, sai fetur wanda muke kira esans, sai kananzir, sai gazuwal. Daga abin da ya kwanta ƙasa ake samun baƙin mai da kwalta.

To, a nan nake roƙon ku kasa kunne, musamman ƴan bumburutu da masu ajiye jarka a ɗaka. Tururin fetur ne ke kama wuta, kuma ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yi shiru har ya iske murhu ko guntun taba. A zafin bazara irin namu, jarkar da ke tsakar rana ba ta daina fitar da shi. A ajiye ta a inuwa, a rufe, nesa da madafa da wurin kwana. A kashe babur kafin a zuba masa mai.

Idan wuta ta tashi, kada a watsa ruwa. Mai yana tasowa bisa ruwa, sai ruwan ya ɗauki wutar ya raba ta ko'ina. Yashi ake zubawa, mu kuwa Allah ya hore mana shi.

Tankar da ta faɗi kuwa, don Allah a guje ta. A Yamai, cikin Mayun 2019, fiye da mutum 50 suka rasu wajen kwasar mai. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, fiye da 150. Talauci ne ke kai mutum can da bokiti, na sani, amma tartsatsi ɗaya ya isa.

Iyaye mata, kada a zuba kananzir cikin robar ruwan sha. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya shiga huhu. A garzaya da shi likita nan take, ko da ana ganin lafiyarsa lau.