Wayar Da Ke Ƙarƙashin Kafet

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin lacca da aka kafa wa majigi da lasifika ya san yadda wayoyi kan warwatsu a ƙasa, suna harɗe ƙafar mai wucewa. Abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a tura su ƙarƙashin kafet. Sai dai wannan dabara kan jawo gobara idan ba a tsara ta ba.

Dalili na farko shi ne zafi. Tun a shekarar 1840 masanin nan na Ingila, James Joule, ya nuna cewa waya kan yi zafi idan lantarki na bi ta cikinta, kuma idan aka ninka yawan lantarkin sau biyu, zafin kan ninka sau huɗu. Wayar da ke fili iska kan kwashe mata zafin. Wadda kafet ya lulluɓe kuwa tamkar mai zazzaɓi ce a cikin bargo. Ga kuma takun ƙafa da ƙafar kujera suna murje robar da ta rufe ta, ba tare da ido ya gani ba. Ɓera ma ba ya raga mata, domin haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin ransa, don haka ba ya rabuwa da gaigayar abu.

Saboda haka ake shimfiɗa bututu mai faɗi, marar tudu, na ƙarfe ko na roba mai tauri, a zura wayoyin a ciki. A Amurka, inda ake amfani da wata waya shimfiɗaɗɗiya ta musamman, ƙa'idar lantarki ta ƙasar ta tanadi a rufe ta da kafet mai gunduwa-gunduwa wanda za a iya ɗagawa a duba, ta kuma hana sa ta a gidajen zama.

Aikin kan fara ne a takarda. A zana ɗakin, a nuna mazaunin kowace na'ura da inda soket yake, sannan a zaɓi hanyar da ta kauce wa bakin ƙofa da layin kujeru. A bar sarari a bututun, domin na'urori ƙaruwa suke yi.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne raba wayar wuta da ta makirufo. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu mai sauyawa kan haifar da lantarki a wayar da ke kusa da shi. Wutar Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, don haka wayar sauti da ta yi doguwar tafiya a jikin wayar wuta kan ɗauko wannan motsi, lasifika ta riƙa gurnani. Maganinsa shi ne kowacce ta bi nata ɓangaren bututu. In kuwa dole ne su haɗu, sai ɗaya ta gitta ɗaya kai tsaye, kada su jera.