Gola Ko 'Yan Baya: Wa Ke Kawo Kofi A Hokin Ƙanƙara?

A wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ya yi ƙarfi a Kanada da Amurka da arewacin Turai, kowane ɓangare 'yan wasa shida ne a fili: uku a gaba, biyu a baya, sai gola. Ƙwallon ɗan faifan roba ne mai tauri, gudunsa kan haura kilomita 150 a awa ɗaya idan gwani ya maka shi. Duk da haka, golan gasar NHL ta Amurka da Kanada kan tare kusan bugu tara cikin goma.

Sai dai bugu suna suka tara. Wanda ya taso daga gefe ko daga nesa, gola na kallonsa tun daga sandar mai bugawa, ba ya ba shi wahala. Mai cin rai shi ne na tsakiya dab da raga, ko wanda aka kare wa gola gani, ko na biyu bayan ya doke na farko ya zube a gabansa. Nan aikin 'yan baya yake: su tura abokan karawa gefe, su share bakin raga, su kwashe abin da ya zubo.

Ƙungiyar New Jersey Devils ta nuna amfanin haɗa biyun. Koci Jacques Lemaire ya toshe tsakiyar fili, Scott Stevens da Scott Niedermayer suka tsare baya, Martin Brodeur na raga. Ta ci Kofin Stanley, kofin zakaran NHL, a 1995, ta ƙara a 2000 da 2003 da sababbin kociyoyi. Brodeur ma kan bar raga ya miƙa wa 'yan bayansa ƙwallo, har a 2005 aka kafa dokar taƙaita inda gola zai taɓa ƙwallo a bayan raga.

Dominik Hasek kuwa, ɗan Jamhuriyar Cek, shi ya riƙa ɗaukar nauyin Buffalo Sabres. Sau biyu, a 1997 da 1998, aka zaɓe shi gwarzon gasar gaba ɗaya. Ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 1999, Dallas ta doke su. Bai ɗaga kofin ba sai 2002, bayan ya koma Detroit inda ɗan baya Nicklas Lidstrom ke tsaye gabansa.

Gola gwani kan ceci ƙungiya a wasa ɗaya, ko a zagaye guda. Kofin Stanley kuwa sai an ci wasa 16 a zagaye huɗu, kuma da wuya mutum ɗaya ya jure wannan doguwar tafiya in ba a rage masa munanan bugu ba.