Miliyan 200, Ko Tagulla Babu: Ina Gizo Ke Saƙar?

Tun da 'yan wasan Najeriya suka dawo daga gasar Olamfik ta Paris a 2024 hannu rabbana, duk majalisar da ka zauna a Sakkwato zancen ɗaya ne: "Mu da muka haura miliyan 200, a ce ko tagulla babu?" Wannan lissafin ne ke damuna, domin yawan jama'a ba ya haifar da lambar yabo.

Dubi Silobeniya. Mutanenta kaɗan suka wuce miliyan 2, ba su ma kai na jihar Sakkwato ba, wadda ƙidayar 2006 ta ba miliyan 3.7. Sai 1991 Silobeniya ta samu 'yancin kai. A 1992 ta ɗauko tagulla biyu a tseren kwale-kwale a Basalona, a 2000 kuma ta fara cin zinariya a Sidni. Daga Paris ɗin da muka fito fayau, ita ta koma gida da azurfa ɗaya da zinariya biyu: Janja Garnbret a hawan bango, Andreja Leški a judo.

Wasu za su ce a jininsu abin yake. A'a. Tun shekarun 1980, kowace shekara ake gwada 'yan makarantar ƙasar a gudu da tsalle da ƙarfin damtse, a rubuta a ajiye. Yaron da ya yi fice ba ya ɓata, akwai kulob a garinsu da zai karɓe shi. Rumbu cike da gero ba fura ba ne, sai an sussuke, an sheƙe, an daka. Fatar jar akuyarmu, duk sunan da ta yi a duniya, ba ta zama jaka sai ta bi ta hannun majemi da baduku.

Gero kam muna da shi. Je dandalin kokowa bayan kaka ka ga samarin da ke kayar da ƙato cikin ƙiftawar ido. Wa ke rubuta sunayensu? Wa ke kai su filin wasa na Giginya, ya koya musu dokokin kokowar tabarma, wadda Blessing Oborududu ta ciyo azurfa da ita a Tokyo? Jami'an da suka kasa sa sunan Favour Ofili a tseren mita 100 a Paris, da wuya su tuna da ɗan kokowar Wamakko.

Maƙwabtanmu na Nijar ma, da ba su kai mu yawa ba, sun ɗanɗana daɗin lambar yabo: a 2016 Abdoul Razak Alfaga ya kai musu azurfar taikwando daga Rio.